Kazar Kaka da Jakin Baffa Ige

Ranar wata Talata ce, a tsakiyar daminar da na cika shekara goma, zamanin Turawa suna nan, kazar kakata ta kusa mayar da ni gurgu. Ina kwance a kan tabarma a gindin rumbu a gidanmu na Mandera, kowa ya tafi noma, gero ya kai gwiwa. A idon sawuna na dama akwai kurkunu, farar tsutsar nan mai kama da zaren ɗinki, an naɗe abin da ya fito a jikin tsinke an ɗaure da tsumma. Barci ya ɗauke ni, tsumman ya kwance. Wake-waken kazar nan ta zo kiwo, ta ga farin abu yana reto, ta kai masa sara ta fizga, kurkunun ya tsinke. Ihun da na yi sai da aka ji shi a bakin rijiya.

Wanda bai san kurkunu ba ba zai gane girman abin da ya faru ba. A ƙauyukan Shagari na wancan lokaci, da damina ta sauka sai ka ga majiya ƙarfi zube a zaure, kowa da tsinkensa a ƙafa, gonarsa tana can ciyawa na cinye ta. Ciwon yakan fara da bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi. Al'adarmu ita ce a kai mai ciwon bakin tafki ya tsoma ƙafa, don sanyin ruwa yana kwantar da zugi, kuma yana sa kurkunun ya leƙo da kai. Da ya leƙo sai a kama shi a hankali a naɗe a tsinke, kullum a ja ɗan kaɗan. Kaka ce gwanar wannan aiki a unguwarmu, hannunta ba ya rawa, kuma ba ta gaggawa. Abu ɗaya ake tsoro, kada ya tsinke, domin in ragowarsa ta koma ciki ƙafa takan kumbura ta ruɓe, wani lokaci ta sandare har abada.

Ba labari nake ji ba, a gidanmu shaidar take. Baffa Ige, yayan babana, kurkunu ne ya tsinke masa a gwiwa yana saurayi, aka yi masa sakiya da ƙarfen da aka gasa a wuta, ciwon ya warke amma gwiwar ba ta sake miƙewa ba. Tun da na yi wayo da sanda na san shi, da wani jaki fari da ya zame masa ƙafa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa kasuwa da masallacin Juma'a, kuma ba ya ba kowa aronsa, ko babana. Mu yara muna jin tsoronsa, don ba ya dariya kuma sandarsa tana da tsawo. Ni kuwa a lokacin ba ni da na biyu a langa. In na kama babban yatsana na tsaya da ƙafa ɗaya a dandali, sai an taru kafin a kayar da ni. Kwance a tabarmar nan na fara kallon Baffa da wani ido, kuma gaskiya na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Kafin a je ko'ina ƙafa ta yi sumtum har ƙauri, jikina ya yi zafi, ko fura ba na iya sha. Kaka ta ɗaure kazar da igiya tana yi mata faɗa kamar mai ji. Babana ya aika aka kira wanzami, ya zo da zabirarsa, aka hura wuta a tsakar gida aka sa ƙarfe. Ina kallon bakin ƙarfen yana ja sai na ji ƙarar sanda a ƙofar zaure. Baffa Ige ya shigo yana jan ƙafa, ya dubi wutar, ya dubi babana, ya ce, "Ba a yi mishi sakiya ina raye. Gurgu guda ya ishe gidan ga." Babana ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, Bodinga da nisa, ga noma." Baffa ya ce, "Mi kaka jira? Ga jakina nan, ɗauki yaro ku tahi." Wanzami ya tattara kayansa ya yi sallama.

Da asuba aka ɗora ni a jakin, babana yana ja, muka bi hanya ta cikin gonaki da fadamu har muka isa asibitin En'e na Bodinga. Ɗaki ne mai rufin kwano da warin magani. Malamin asibitin, wani dogon mutum mai farar riga, bai fara da ƙafar ba, abin da ya ɗaure wa babana kai. Ya ja fatar idona ƙasa ya duba, ya ce in fito da harshe, ya sa mini wani ɗan gilashi a hammata, ya riƙe wuyan hannuna yana kallon agogo. Sannan ya laluba matsematsina ya taɓo kaluluwa, na zabura. Daga nan ya bi ƙafar da yatsu biyu yana dannawa a hankali tun daga gwiwa, har ya zo wani wuri mai laushi a saman idon sawu, ya tsaya. Ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya juya sawun, ya ce wa babana, "Gaɓa lahiya lau take. Kun zo da wuri."

Aka danne ni a kan tebur. Ya wanke wurin da aidin, ya fesa wani abu mai sanyi, ya tsaga da 'yar wuƙa. Na yi ihu na kira Kaka, amma da mugunya ta fara zuba cikin tasa sai na ji nauyin ƙafar yana sauka. Ya zaro guntun kurkunun da hantsaki ya nuna mini, ya cusa auduga, ya naɗe da bandeji, ya yi mini allura. Yana wanke hannu ya tambayi babana inda muke shan ruwa. Da ya ji tafkin da masu ciwon ke tsoma ƙafa shi ne dai mata ke ɗiba, sai ya ce a nan kurkunun ke zubar da 'ya'yansa, mu kuma mu sha, baɗi ya fito mana. Ya ce a riƙa tace ruwa da ƙyalle. Babana bai yi musu ba, ko da yake na ga bai gamsu ba. Daga baya da muka koma gida, Kaka ce ta karɓi maganar, ta yanki tsohon kallabinta ta ɗaure a bakin randa.

Mun daɗe a Bodinga a gidan wani abokin babana ana wanke mini ciwo, jakin yana ɗaure a ƙofa. Sai da muka koma na ji cewa duk tsawon lokacin Baffa bai taka gonarsa ba, ciyawa ta shanye masa gero, ko Juma'a bai samu zuwa ba. Na sauka daga jakin na taka da ƙafafuna biyu har gabansa na durƙusa. Ya ce in miƙe in yi tafiya ya gani. Na je bakin rumbu na dawo. Ya ce, "Sake." Na sake. Ran nan ne kaɗai na ga haƙoransa.

Yau jikokina suna shan ruwan famfo, ba su taɓa ganin kurkunu ba, in na nuna musu tabon sai su ce ƙuna ce. Tafkin ya cike, an yi gidaje a wurin, Baffa da Kaka sun daɗe da rasuwa, kuma ina kewarsu ƙwarai. Na tsufa, amma har yanzu ba na riƙe sanda. Duk Juma'ar da na taka zuwa masallaci, nakan yi wa Baffa Ige addu'a tun daga ƙofar gida.