Yaya Kubura Mai Tukwane da Yaran Tsakar Gidanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha takwas ga watan Ƙaramar Sallah, ana shirin kiran azahar, Allah ya karɓi ran Yaya Kubura mai tukwane, matar yayana marigayi Inuwa, a ɗakinta a nan Kademi. Kwana huɗu kawai ta yi a kwance. Bayan la'asar muka kai ta makwancinta. Shekarunta ba wanda ya sani. Ita ta ce ta girme ni, ni na ce ban yarda ba, muka yi shekara hamsin da ɗoriya muna wannan musu irin na matar wa da ƙanin miji. Yanzu ba ni da abokin yin sa.

Yaya Kubura, yau kwananki tara. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta yabon randunanki, wai ruwa ba ya ɗumi a cikinsu ko a tsakiyar bazara. Gaskiya suka faɗa. Amma ni ba a kan randa zan yi magana ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naki, saboda haka duk abin da ake yi a tsakar gidanki a kunnena yake. Tun da roba ta shigo kasuwa aka daina rububin tulu da kasko, amma ba ki taɓa rage yumɓun da ake kawo miki daga kududdufi ba. Jaki biyu ne da, jaki biyu ne har kika mutu. Rabi ki gina abin da za ki gina, rabi ki jibge a gindin darbejiya, ki zuba masa ruwa, ki bar ƙofa a buɗe. Ba ki taɓa kiran ɗan kowa ba. Su suke zuwa, daga mai rarrafe da yayarsa ta goyo shi har ɗan shekara bakwai. Akwai kara, akwai gwangwanaye, akwai fasassun tukwane, akwai tsummoki. Shi ke nan kayan makarantar taki.

Ke kuwa sai ki ɗauki 'yar kujerarki ki fuskanci bango, hannu cikin laka, keyarki ce kawai ke duban su. Mata suka yi ta tsegumi, wai wace irin mai reno ce wannan. Da na tambaye ki, kika ce, "In na zuba musu ido, ni za su yi wa wasan. In ban duba ba, kansu suke yi wa." Da kunne kike tsaron su. Kin ce kukan yaro iri uku ne: na ciwo, na an cuce ni, da na a zo a gan ni. Na farko kaɗai ke tashe ki. Na gani da idona ranar da kunama ta harbi wata yarinya, kin isa wurinta kafin ta gama buɗe baki. Amma in faɗa ne a kan wa zai zama direba wa zai zama kwandasta, ko za su tsaga garin da ihu, ba ki motsi. Su gaji, su shirya, su ci gaba. A wurin aka ƙi wasa da mai zalunci har ya gyaru, ba tare da babba ya ɗaga bulala ba.

Ni fa shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, don haka ina ganin na fi ki sanin yaro. Shekarar da na yi ritaya zaman gida ya ishe ni, na shiga wurinku wata hantsi da nufin taimako. Na jera yaran nan layi biyu, maza dabam mata dabam, na ce kowa ya gina saniya, wanda tasa ta fi kyau yana da alawa. Kafin a jima wuri ya yi tsit kamar ajin jarrabawa. Biyu suka fara kuka, uku suka sulale gida. Ba ki ko waiwayo ba, kika ce, "Mumini, fita. Tun kana da gashi kake gaya wa 'ya'yan mutane abin da za su yi. Ka bari su huta da kai." Na fita ina gunaguni. Ban kai ƙofar gidana ba hayaniya ta dawo. Da na leƙa ta kan katanga, shanun nawa sun zama jirgin sama, wata kuma an mayar da ita miya.

Ban gane abin da kike yi ba sai da ya zo kaina.

Afra'u jikata ce, 'yar ɗana Muzammil. Tana da shekara uku mahaifiyarta Rukayya ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Kafin nan Afra'u surutu gare ta kamar rediyo. Daga ranar ta rufe baki. Mun kai ta asibiti a Gaya, aka duba kunne, aka duba harshe, aka ce lafiya ƙalau. An yi rubutu, an yi tofi. Ni kuma na ɗauko allo da alli na zaunar da ita kullum da safe: "Ce Kaka. Ce ruwa. Ce a'a ma, in shi kike so." Sai ta zuba mini ido har in ji kunya in tashi.

Kika ce in miƙo miki ita. Na tambaya me za ki yi mata, kika ce, "Ba komai." Ba komai ɗin kuwa kika yi. Sati uku tana zaune a gefe tana kallon sauran. Sannan ta fara murza yumɓu a tafin hannu. Sannan wata ta miƙa mata 'yar tsanar kara ta ce ta riƙe mata, za ta je kasuwa. Wata ranar Asabar ina gyara akurkin kaji a jikin katangar nan, sai na ji wata siririyar murya tana cewa, "Yi shiru, yi shiru. Umma ta je ɗebo ruwa." Afra'u ce. Wata goma sha ɗaya rabona da muryar. Na fita da gudu ba takalmi, ni da gwiwoyin nan nawa. A bakin zaure kika tare ni da hannu duk laka, kika ɓata mini farar riga, kika ce a hankali, "In ka shiga ka ce mata ta sake faɗa, wallahi sai na fasa maka tulu a ka." Na tsaya a zauren ina hawaye kamar wanda aka hana gado.

Wata bakwai ke nan da faruwar haka. A gidanki Afra'u tana rarrashi, tana faɗa, har zagi na ji ta yi wa wata, na kuwa yi hamdala. In ta dawo gida sai shiru. Kika ce in yi haƙuri, maganar tana tafe, tana tsallako katanga ne a hankali. Na yarda. Na riƙa ajiye tabarmata a gindin bangon ina sauraren jikata kamar mai satar jin hirar maƙwabta.

Muzammil bai taɓa gamsuwa ba, kuma ba don ba ya son 'yarsa ba. Tsoro yake ji. Ya ce, "Baba, sa'o'inta suna rubuta sunansu, ita tana wasan ƙasa." Ya samo mata gurbi a wata makarantar yara a Gaya, inda yake da shago: aji daga safe zuwa ƙarfe biyu, lesin zuwa la'asar, Islamiyya zuwa gab da magariba. Ke kaɗai kika iya tsayar da shi, don ke kika goye shi. Kika ce, "Ka bar mini ita zuwa damina," ya yi miki alkawari. Ni ba zai saurare ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni na taka masa motar kara yana ɗan shekara shida, na ce wasa aikin sakarkaru ne. Karatuna yake biya mini, bai kuskure ko harafi ba.

Akwai abin da ya faru ranar sadakar ukunki da nake so ki sani. Gida ya cika da baƙi, yaran suka raɓe a gindin darbejiya ba wanda ya kula da su. Suka gina ki da yumɓu, har da ɗankwali na tsumma. Suka yi miki wanka, suka naɗe ki, suka haƙa rami da gwangwani. Ina tsaye a bayan rumfa na ji Afra'u ta ce, "Kar ku sa mata ƙasa a kunne, ba za ta ji mu ba." Sai wata baƙuwa ta gani ta ɗaga murya tana salati, wai ana wasa da mutuwa, aka watsa ramin da ƙafa, aka kore su. Ni da ya kamata in yi magana na tsaya ina neman kalmar da zan fara da ita har aka gama. Bayan sadakar bakwai ɗanki Surajo ya sa kwaɗo a ƙofa ya koma Kano. Gidan uwarsa ne, ba zai bar shi a buɗe ba mai tsaro ba. Shi ma yana da gaskiya. Kowa yana da gaskiya, Yaya Kubura, abin da ya ɗaure ni ke nan.

Na gwada. Jiya na sa aka kawo mini yumɓu, na jibge a tsakar gidana, na buɗe ƙofa, na zauna na fuskanci bango. Yara biyu suka leƙo, suka ga Malam ne, suka juya. Afra'u ta zauna ita kaɗai. Na ce wa kaina ba zan waiwaya ba. Ko fatiha ban isa karantawa sau uku ba wuyana ya juya da kansa. Na same ta da dunƙulen laka a cinya tana kallo na, tana jira in gaya mata abin da za ta yi.

Saura kwana uku. Ranar Litinin Muzammil zai sa ta a adaidaita sahu zuwa makarantar nan ta Gaya, da sabon yunifom wanda ya yi mata yawa a kafaɗa. Za a ce ta faɗi sunanta a gaban aji. Na san yadda ake yi da yaron da bai amsa ba, don na yi.

Surajo, ɗana, in wannan takarda ta iske ka, makullin nake roƙo, zuwa damina kawai. Zan zauna a zaure, ba zan shiga ba. Muzammil, kai ma zuwa damina, kamar yadda ka yi wa Yaya Kubura alkawari. Na san alkawarin ita ka yi wa, ba ni ba. Ba ni da abin da zan tilasta muku da shi, tsufa ne kawai da roƙo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Surajo da ƙanwarsa Naja'atu, da jikoki, da dangi na Kademi da na Gafasa inda aka haife ta, da yaran unguwarmu waɗanda ba wanda ya yi wa gaisuwa. Allah ya gafarta wa Kubura, ya yalwata kabarinta, ya sanyaya mata shi. Allah ya sa haƙurin da ta yi da 'ya'yan mutane ya tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ya haɗa ta da Yaya Inuwa a Aljannar Firdausi, ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Ya Ubangiji, ka buɗe bakin Afra'u, ko da ba ni zan ji ba.

Abdulmumin Kademi