Baba Iro ya bar ni in ƙarasa zuwa Boɗinga

Yau da safe ina shirin fita aka kira ni: Baba Iro ya rasu. Innalillahi. Sai da na nemi wuri na zauna.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon ɗan badujala ne da ya yi ritaya a Boɗinga. Shi ya koya mini fiyano, shi ya fara jiyar da ni kiɗan jaz a wani tsohon kaset.

Bai taɓa kiran kod, wato sautukan da ake dannawa tare a fiyano, da lamba ba, sai da sunan gari. Kod na ɗaya sunansa Boɗinga, wato gida. Na biyu Shagari, garinmu. Na biyar Danchadi. Sai ya saki kaset ya ce, "Yanzu ina muke?" In na yi kuskure ya ɗan mintsine ni a kunne, ya miƙo mini gyaɗa.

Kullum maganarsa: "Yi yawonka duk inda kake so, amma ka san hanyar gida."

Shekara biyu da suka wuce na yi masa rashin kunya. Na ce wannan lissafin nasa ɓata lokaci ne, kwamfuta ta gama komai. A gaban mutane fa! Daga ranar kunya ta hana ni taka ƙofarsa.

Wallahi abin ya daɗe yana cina. Da na ji ciwo ya kwantar da shi, tsorona ɗaya, kada ya tafi da maganar nan a ransa.

Ranar Laraba na daure na hau mota. Na same shi a zaure, ya rame sosai. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ce, "Bari wanga zance, ɗauko fiyano."

Ya danna Shagari, ya danna Danchadi, ya tsaya. Ya dube ni.

"To, kai mu gida."

Na danna Boɗinga. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe ba ka mance ba. Na yahe maka tuni, ɗana."

Kwana huɗu kacal tsakani. Na yi kuka yau, amma Alhamdulillah, zuciyata sakayau take. Da na ƙara jan ƙafa ko na mako ɗaya, da ban san yadda zan yi da raina ba.

Allah Ya gafarta wa Baba Iro, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, Allah Ya kai shi gida lafiya.