Aiken Inna Zuwa Bakin Teku

Ni ba mai son yawo ba ne. Daga Illela in na tsallaka Ƙonni na dawo, na gama tafiyar shekara. Inna ce ta tayar da ni. Yayana ya tafi Gana tun ina saurayi, kuma duk kiran da ta yi masa sai ya ce yana nan tafe. Da ƙafarta ta fara gazawa ta ce in je in taho mata da shi tun tana gane mutane.

Mota ta tauna ni ta tofar. Na sauka a wani ƙauyen masunta a bakin tekun Gana, jikina yana danƙo, iskar wurin kamar an jiƙa tsumma an rufa maka a fuska. Tekun kuwa ba ya shiru ko na ɗan lokaci. Turawa ne birjik, kowa rungume da wani dogon katako. Sai su kutsa cikin ruwa, su jira igiyar ruwa ta taso, su miƙe a kan katakon, ta kwaso su ta watsar, su tashi su koma. Na ce a raina, wanda ya ƙoshi shi ke neman abin da zai kayar da shi.

A gindin wata bishiyar kwakwa na iske yayana yana gasa musu tsire. Ya yi furfura, ya yi tumbi. Ya rungume ni har da hawaye, ya tambayi kowa, har kurman da ke faci a bakin tashar garinmu.

Na ce, "Yaya, Inna ta ce ka taho gida."

Ya juya tsinke, ya barbaɗa yaji. "Ka ce mata ina nan tahe."

"Wanga zance ta gaji da shi. Mi ka riƙe ka nan?"

Ya kalli masu faɗuwa a ruwa. Sannan ya ce, "Nan ba mai tambaya ta mi na tara."

Na yi lallashi, na yi faɗa, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Shi dai sai ya ƙara mini nama. Wallahi na ji haushinsa, kuma na ga hankalinsa kwance yake, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da na dawo, Inna tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta leƙa bayana, ta ga jaka kawai nake ja.

"Ka ishe shi lahiya?"

"Lahiya lau, Inna. Har ya yi ƙiba."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi yaushe zai zo ba. Washegari ta miƙo mini makullin ɗakinsa, ta ce in zuba albasata a ciki kada rana ta lalata ta a waje.