Ɗigo Uku Zuwa Shika

Samaru, biyar da rabi na asuba

Na fito gida da 'yar kula mai ƙanƙara a hannu. 'Yata Rifkatu na kwance a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, an yi mata aiki. Jaririyarta bakwaini ce, an kai ta babban asibitin Shika an sa a kwalba. Ƙarfe takwas ake soka mata dunduniya a ɗibi jini, nas kuma ta ce a kawo nonon uwar kafin lokacin, wai yana rage zafi. Ni dai ban yarda ba. Mu da wanzami ya cire wa 'ya'yanmu beli, yaushe aka fara cewa bakwaini ya san zafi? Amma Rifkatu ta roƙe ni.

Sabon Gari, shida da kwata

Bas ta sauke ni a Kwangila, na ƙarasa a keke-napep. Na tarar Rifkatu ta tatsa nonon, abin bai cika cokali biyu ba.

"Mama, don Allah kada ki tsaya gaisuwa a hanya."

"Aika da gargaɗi? To, na ji."

Kwangila, bakwai saura

Motar Shika ta ƙi cika.

"Direba, jaririya ke jira na."

"Mama, saura mutum biyu."

Na biya kujerun biyu, ni da na ce ban yarda ba. Muka wuce ta bakin layinmu a Samaru, ban ko waiwaya ba.

Shika, takwas saura goma

Aka sa ni wanke hannu har gwiwa. Nas ta ɗiga wa jaririyar ɗigo uku na nonon a harshe, ta ce, "Kaka, zura hannu ki tattara mata ƙafafu da hannuwa, kamar tana cikin ciki."

Na tattara ta. Dunduniyar duk tabon kwanakin baya. Da allura ta shiga sai ta yamutsa fuska, ta tokari tafin hannuna da ɗayar ƙafar, sannan ta ci gaba da tsotsar harshenta. Ba ta yi kuka ba. Amma tokarin na ji shi sarai. Ashe ta san zafi.

Samaru, goma da rabi

Na buga wa Rifkatu waya, na iso gida lafiya, na gode wa Allah. Na kai ƙanƙarar gobe firjin maƙwabta. Ina wanke kular na tuna ranar da aka cire wa Rifkatu beli. Ina tsakar gida ina raba wa baƙi tuwo, ban ma san wa ya riƙe ta ba.