Ƙidayar Zipora a Bakin Kwalbati

Zipora 'yar Azariya ba don sha'awa ta karanta harkar sufuri ba. Likitanci ta nema, jami'a ta miƙo mata wannan, ita kuwa ta ce da babu gara ba daɗi. Sai a aji biyu karatun ya fara shiga ranta, domin abin da malamai ke zanawa a allo ta riga ta gan shi a gida. Babanta ya yi shekara ashirin yana aikin juya wa jirage layin dogo a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, da jirage suka ja baya ya kwashe iyali ya koma ƙauyensu a bayan Godogodo, can kuma ya rasu. Mamanta Lai'atu ce ta riƙe gonar doya, da doyar nan Zipora ta kai aji huɗu.

Tsakanin ƙauyen da babban titi akwai rafi, kuma shekara uku ke nan da ruwa ya tafi da kwalbatin da ke kansa. Tun daga lokacin akori-kura ke tsayawa a wancan ƙetaren, mata su naɗa gammo su ɗauko doya, su gangara, su ratsa ruwa, su haura. Wuyan Lai'atu har ya ƙage, in za ta waiwaya sai ta juyo da jikinta duka.

Don haka da lokacin binciken kammala digiri ya zo, Zipora ba ta yi dogon tunani ba. Malaminta, Dokta Leonard, mutumin kirki ne, amma ba ya tsallake abin da littafi ya ce. Ya ba ta fom, ya ce ta zauna a bakin hanyar kwana bakwai ta ƙirga abin da ya wuce. Ya ƙara da cewa akwai ma'aikatar gyaran hanyoyin karkara da ke karɓar irin wannan rahoto, kuma hanyar da lambarta ta fi yawa ita ake fara dubawa.

Kuskurenta ɗaya, ta maimaita wa mamanta wannan magana ran Asabar. Kafin a tashi coci ran Lahadi, zumuntar mata duka ta ji.

Ran Litinin ta zauna a gindin mangwaro da fom a cinya. Akwai gurbin mota, da na babbar mota, da babur, da keke. Babu gurbin mutum. Ba ta gama duba shi ba sai ga mata a jere, kowace da rabin kaya. Kwanon da ke cin doya goma yau biyar aka sa masa, don a je sau biyu. Har tsofaffin da suka daina ɗaukar kaya sun fito, da doya ɗaya a ka da sanda a hannu.

"Zipora, ka rubuta ni?" in ji kowace in ta hauro tana haki.

Ta buɗe baki za ta gaya musu gaskiya, ta dubi ƙafafunsu cike da laka, ta fasa. Sai ta juya bayan fom tana ja wa kowace mace layi in ta hauro. Ranar farko kunya ta hana ta, rana ta biyu kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta kira malaminta ta ce, "Malam, matan fa?"

"Sa su a bayanin ƙarshe," in ji shi. "Amma ma'aikata abin hawa take ƙirgawa, ba ni na tsara ba."

Kwana bakwai suka cika da babur goma sha ɗaya, waɗanda aka cicciɓa aka haye da su, da keke huɗu. Mota ko ɗaya. Bayan takardar kuwa ya yi baƙi ƙirin da layuka. Ba mota don ba kwalbati, ba kwalbati don ba mota. Ta iya bayyana wannan da Turanci mai kyau, har ta samu maki mafi girma a ajinsu, ranar da aka kafe sakamako kuwa kuka ta yi. Amsar ma'aikata ta zo a layi biyu: hanyar ba ta kai adadin da ake buƙata ba.

Da wasiƙar a jaka ta dawo gida a farkon damina. Ta tarar da Lai'atu zaune a kan turmi, ta karɓi man zafi tana shafa mata a wuya.

"Sau nawa na fito a takardan nan?" in ji Lai'atu.

Zipora ta sani, don layukan mamanta daban ta ja su. "Sau sittin da uku, Mama."

Lai'atu ta maimaita lambar tana jin daɗinta. Can ta juyo da jikinta duka ta dubi 'yarta.

"In bai kai ba ka faɗa mana, kar ka ji kunya. Bana sai mu raba kayan uku."

Zipora ta ƙara lakato man, ta ci gaba da shafawa.