Ƙarfen da Na Ɗaura wa Motar Baba

Bayan an yi sadakar arba'in ta Babanmu, yayana ya kira ni zaure ya ce za a sayar da motar Baba. Wani mai sayen tsofaffin motoci zai zo ranar kasuwar Batsari, ya farfasa ta ya sayar da kayanta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na daɗe ina tuƙa Baba a cikinta tun da idonsa ya yi rauni, Wagini, Darini, duk inda aka yi suna ko rasuwa.

"Yaya, motar nan lafiyarta lau," na ce.

"Lafiya lau? Motar da ke rawa a kwana kamar ta sha bammi? So kake ka zubar mana da Inna a rami?"

Gaskiyarsa ta wani gefen. Hanyar Wagini ta cinye gaban motar. Idan ka buɗe bonet, akwai wurare biyu, hagu da dama, inda kawunan shokozoba suke ɗaure, to nan ne suka saki, kowane yana tafiya son ransa. In ka karya sitiyari sai gaban ya yi lilo kafin ya bi ka. Amma ni na san maganin abin: sandar ƙarfe da ake gittawa saman inji ta haɗa kawunan biyu. Na ce ya ba ni zuwa ranar kasuwa. Ya ce in yi ta wahalar da kaina.

Na je Katsina wajen 'yan kayan mota. Aka miƙo mani wata sanda mai ƙyalli, ja jawur, ba nauyi, da gaɓa a kowane gefe. Na dafa ta da gwiwa sai na ji tana ba ni hanya. Haba! Abin da gwiwata ta lanƙwasa shi zai tare ramin Darini? Na ajiye masu kayansu, na wuce Safana wurin wani mai walda da na yarda da hannunsa. Ya fara liƙe wata tsaga da ya gani a mazaunin shokozoba na hagu, sannan muka zaɓi faif mai kauri, ragowar aikin rijiyar burtsatse. Ya yanka faranti biyu, ya huda su daidai notunan shokozoba, ya ɗan rusunar da faif ɗin don kada ya taɓa inji ko ya hana bonet rufuwa. Ba ta da kyau ko kaɗan, amma da na hau kanta ko gezau ba ta yi ba.

Ya ɗauko sifana zai ɗaure, na riƙe hannunsa. Ƙofar shagonsa gangare ce. In aka ɗaure ƙarfen nan mota tana karkace, ko tana kan jak, to an ɗaure karkacewar ke nan har abada. Sai tayoyi huɗu suna ƙasa, a wuri shimfiɗaɗɗe. Kuma wuri ɗaya na amince da shi, daɓen siminti na ƙofar gidanmu, wanda Baba ya tsaya a kan magina har sai da faranti cike da ruwa ya zauna bai zuba ba. Gidan kuwa yanzu Yaya ne a ciki.

Da hantsi na hau daɓen da mota ba tare da na nemi izini ba. Yaya ya fito yana faɗa, wai zan ɓata mashi wuri da baƙin mai. Na kwance notuna uku na kowane gefe, na ɗora sandar.

"Yaya, don Allah riƙe mani can."

Ya riƙe, bakinsa bai daina ba. Na riƙa ɗaurewa kaɗan kaɗan, nan sau ɗaya, can sau ɗaya, har suka kama. Na rufe bonet, ya rufu ƙas. Na buɗe mashi ƙofar gaba na ce ya shiga mu je Wagini, in ta yi rawa ni da kaina zan kai ta wurin mai sayen.

Ramuka suna nan, ƙarfe ba ya cike rami. Amma da muka doso kwanar nan ta bakin tsamiya, inda kowa ke salati, sai na ga ya kai hannu ya cafke mariƙin da ke saman ƙofa. Na karya sitiyari, mota ta bi ni tiryan-tiryan. Amma Yaya bai saki mariƙin ba. Yana ta shafa shi da babban yatsa, daidai inda robar ta suɗe ta yi santsi.

"Nan Baba yake riƙewa?"

"Nan ne."

Ya juya fuskarsa waje. Ni ma idona ya cika, sai da na rage gudu.

Ranar kasuwa mai sayen ya zo da igiyar janwe. Yaya ya gaishe shi, ya tambayi iyali da hanya, ya sa aka kawo mashi fura. Da ya shanye sai Yaya ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji, mun wahalar da kai. Gobe motar za ta kai Inna Wagini."