Matashin Kibiyar Kyari

Duk wanda ya yi zamani da Kyari a Potiskum ya san bai taɓa tsallake gashin zabo a ƙasa ba. Ko gawa muka ɗauko, in ya hango ɗaya sai ya miƙa wa wani makara ya sunkuya. In na fiffiken hagu ne ya soke a hula, in na dama ne ya yar yana tsaki. Wai in ka gwama wa kibiya hagu da dama, rasa wanda za ta bi take yi.

Ni Garba mahauci ne a kasuwar shanu, abokinsa tun na ƙuruciya. Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci na shiga, kuma jahilcin ne ya ci yaƙin.

Maharban garinmu kibiyarsu kyauro ce tsirararta, ƙarfe a baki, shi ke nan. Kyari kaɗai ke ɗaura wa tasa gashi uku a gindi. In an yi masa magana sai ya ce tsuntsu ya fi kowa sanin iska, wa ya taɓa ganin ya tashi a fige? Matsalar ita ce kibiya a kan yatsan hagu take kwanciya, tana fita gashin ya yanke shi. Kullum yatsan a naɗe da tsumma, har matarsa Fanna ta ce zanenta ya ƙare. Maimakon ya cire gashin, sai ya ce zai yi wa kibiyar matashi a jikin baka, ta kwanta a kai.

Da ƙaho ya fara, ni na ba shi. Kwana bakwai yana feƙewa. Harbin farko ƙahon ya aske gashin tas, kibiya ta yi kwana ta kafe a rumbun maƙwabci. Mutumin ya fito yana faɗa, Kyari ya dube shi ya ce, "Malam, rumbun na auna, kuma na samu. Miƙo min kayana."

Ya gwada kirgi, ya bushe ya yi tauri. Daga nan ya koma goga komai a kumatu don jin laushi, jelar akuya, bakin tabarma, hular mutane. Ran nan muna cin goro ya kama gemuna ya murza. "Garba, wannan ne ya dace," in ji shi, "sai dai mai shi ya ƙi mutuwa."

Ana cikin haka maharban Gadaka suka fara cewa mutanen Potiskum da kaji suke zuwa farauta. Abin ya ɓata wa Sarkin Baka rai. Ya kira Kyari ya ce za a rataye gora a wata tsamiya ta hanyar Danchuwa, kibiya uku. In ya samu, ya riƙe gashinsa. In ya kuskure, ko ya fige kibiyoyinsa ko ya bar gurbin da ya gada daga ubansa a sahun farauta, ya koma cikin masu dakon nama. Kyari ya ce figewa kam babu ita, sai dai dakon.

A makon ne na samo masa fatar goshin maraƙi, gashinta lumus. Yana gogawa a kumatu na san ta yi. Da yake yatsansa ya kumbura, ni na ɗinka ta a jikin bakan. Sau biyu ya gaya min kwanciyar gashin ta fuskanci inda kibiya za ta tafi. To ni mahauci, fata ta ɓangaren nama na santa. Na ɗinka a juye.

Ranar gwaji jama'a ta cika. Ya saki ta farko, gashin fatar ya tashi tsaye ya tsefe na zabon, kibiya ta yi lilo ta faɗi a tsakiyar fili. Aka bushe da dariya, wani har da kukan kaza. Kyari ya shafa matashin da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Sarki ya tambaya ko wa ya yi masa wannan aiki.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na ba gorar rata ne, kada a ce na zalunce ta."

Ya sa haƙori ya tsinke ɗinkin, ya juya fatar, ya ɗaure da zaren da ya zare daga bakin rigarsa. Ta biyu sai ji muka yi ƙwas, gora ta dare biyu. Aka ce ya harba ta uku, ya mayar da ita kwari, ya ce zabin garin nan ba don wasan yara suke zubar da gashi ba.

Ya riƙe gurbin ubansa har idonsa ya daina gani. Ko mutum ɗaya bai bi shi a ɗaura wa kibiya gashi ba, shi ma bai nema ba. Shekara goma sha wani abu muka yi bayan nan muna cin goro ɗaya, ya zage ni a kan komai, amma bai taɓa ta da zancen ɗinkin nan ba, ko ga Fanna. Yau ne bakina ya fara faɗa.

Allah Ka rufa wa Kyari asiri yadda ya rufa min a gaban jama'a. Ka sanyaya makwancinsa, Ka yafe masa, mu ma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.